Babin Da Ya Ce An Cire

Auta ta juya takardar tambayoyi, ta karanta ta farko.

Ta sake karantawa.

Tambaya ta ɗaya dole ce ga kowa. Rabin makin jarrabawar a kanta yake. Kuma daga babin awon maganin yara ta fito.

Babin da aka ce mata an cire.

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka da takun mai sa ido. Wannan ce jarrabawarsu ta ƙarshe a sashen harhaɗa magunguna na jami'a. Kowa a ajin ya san abin da ke bayanta. Sashen zai ɗauki mutum ɗaya, wanda ya fi kowa maki, ya riƙe shi ƙaramin malami, da albashi da ƙarin karatu. Tun shekara ta biyu Auta ce a gaba. Mai bi mata shi ne wakilin aji, wanda kowa ke kira Wakili. Shi ne kuma saurayinta.

Ta ɗaga kai ta neme shi. Tausayinsa ne ya fara kama ta kafin nata, don ta san shi ma bai taɓa babin ba.

Yana layin gaba, kusa da taga. Kansa a sunkuye. Biro sai gudu yake.

"Ke, idonki a kan takardarki," in ji mai sa ido.

Ta sunkuyar da kai. Ta tsallake ta farko, ta amsa sauran ba tare da ta tsaya tunani ba. Sannan ta dawo ta zuba wa ta ɗaya ido. Ta rubuta ɗan abin da ta tsinta a baki lokacin da aka tura su asibiti koyon aiki. Bai cika rabin shafi ba.

Daga gaba ta ji muryar da ta fi sani a duniya.

"Malam, a ƙara mini takarda."

Ba ta ɗago ba.

Yadda suke karatu shi ne ya haɗa su, kuma shi ne ya kawo wannan rana. Littattafan sashen manya ne, lokaci kuma kaɗan. Sai suka raba. Duk darasin da aka ba su, ita ta ɗauki rabi, shi ya ɗauki rabi. Kowa ya karanta nasa har ya zauna masa, sannan su haɗu a matattakalar bayan ɗakin karatu ya koya wa ɗan'uwansa. Abin da ya koya mata ba ta sake buɗe littafi a kansa. Abin da ta koya masa shi ma haka. Da wannan suka wuce kowa. Yarinya ce mai kai. Abin da ba ta da shi shi ne zargi.

A wannan zangon babin awon maganin yara ya faɗo a rabonsa. Da ta tambaye shi a makon bita, sai ya kaɗa hannu.

"Wannan? Babu Ragi ya ce an cire. Kada ki ɓata lokacinki, Malamata."

Babu Ragi shi ne farfesan da ke koyar da darasin. Ɗalibai suka raɗa masa sunan, don bai taɓa ƙara wa kowa rabin maki ba. Ba ya rubuta sanarwa. Wakilin aji yake kira ya faɗa masa, shi kuma ya sanar da aji.

Da aka karɓi takardu, ta same shi a bakin zaure yana jiran ta.

"Hasken idona, kin ga abin da mutumin nan ya yi mana?"

"Na gani."

"Ya ce an cire, ya kuma kawo shi na farko. Wannan ai mugunta ce."

"Ka nemi ƙarin takarda."

Ya yi dariya. "Surutu na cika musu. Kin san ni da baki. Wanda zai duba sai ya sha ruwa."

Ta dube shi. Idon nan nasa mai sanyi, da ɗan tabon da ke gefen girarsa. Ta so ta yarda, don haka ta yarda.

"Kaina ke ciwo," ta ce. "Zan je ɗaki."

"In raka ki?"

"Bar shi."

A ɗakin kwanan ɗalibai ta tarar da abokiyar zamanta tana cusa kaya a jaka. Rediyo ake ce mata, kuma ta ci sunan. Ba ta jira Auta ta zauna ba.

"Ƙawata, yau saurayinki ya cece ni. Da ba don shi ba da yanzu ina shirin maimaita shekara. Ki gaya masa ranar aurenku ni ce mai wanke-wanke, kyauta."

"Me ya yi miki?"

"Tambaya ta ɗaya mana. Ni da ko ƙunshin littafin ban sani ba, sai ga ni ina lissafa awon jariri kamar ni na haife shi."

Auta ta zauna a bakin gado a hankali.

"Kin karanta babin?"

"Wa bai karanta ba? Ai shi ya tsaya gaban aji ya ce Babu Ragi ya ce duk wanda bai riƙe babin nan ba kada ma ya shigo zaure."

"Yaushe?"

"Ranar da kika kai Mamarki asibiti. Har na ce bari in faɗa miki, sai na ce ji ni da shisshigi. Wa zai kai wa matar Wakili labarin Wakili?" Ta tsaya da ninke zanin da ke hannunta. "Ke... lafiya? Fuskarki ta canja."

"Lafiya lau."

"Kada ki ce mini..."

"Rediyo, don Allah yau ki rufe tashar."

Karo na farko a zamansu, Rediyo ta yi shiru.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta kunna wayarta, wadda take kashewa duk makon bita don kada surutun 'yan aji ya ɗauke mata hankali. Shi ma ya san da wannan. Ta rubuta masa ya same ta a matattakala da la'asar.

Ya riga ta zuwa. Ya shimfiɗa mata jarida a inda take zama, ya ajiye mata ruwan sanyi.

"Yaya kan, zuciyata?"

Ba ta zauna ba.

"Ranar da na kai Mama asibiti, me ka faɗa wa aji?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, bai tafi ba, bai kuma ƙaru ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba ka ce ƙarya ce ba. Ka ce wa ya gaya mini."

"Zauna tukuna."

"Ina ji a tsaye."

Ya shafa kansa. Ya kalli bangon, ya kalli ƙasa.

"Don mu na yi."

"Mu wa?"

"Ni da ke. Kin manta abin da Baba ya ce?"

Ba ta manta ba. Mahaifinta kafinta ne, mutum mai magana ɗaya. Bara da ta kai masa zancen Wakili, tambaya ɗaya ya yi: me yake yi? Ta ce karatu. Ya ce karatu ba sana'a ba ce, ya samo aiki ya zo. Ta yi kuka, ta ƙi abinci, ta sa Mama ta roƙe shi. Bai motsa ba.

"In ke kika samu aikin," in ji Wakili, "ni fa? In je gaban Baba da me? Da takardar albashinki? Waɗanda suka gama kafin mu suna nan suna yawo da fayil a hammata. Ke mace ce mai kai, ko'ina za a ɗauke ki. Ni wannan ce kaɗai ƙofata. In na samu, mu muka samu. Gida ɗaya zai shiga."

"Kai kaɗai ka zauna ka tsara wannan?"

"Yayata ce ta fara kawo maganar. Ta ce namijin da matarsa ta..."

"Yayarka ce take zama a nan tana koya mini?"

Ta ci gaba.

"Yayarka ce ta dubi idona ta ce kada in ɓata lokacina?"

"Malamata..."

"Babin magungunan ƙoda a rabona yake. Da zazzaɓi na koya maka shi a nan, ina rawar sanyi, ka cire rigarka ka lulluɓa mini. Na rage maka layi ɗaya?"

"A'a."

"To me ya hana ka tambaye ni? Ka ce, Auta, ki bar mini wannan."

Ba ta jira shi ba.

"Bari in amsa maka. Da ka tambaye ni da na ce a'a. Ka sani. Shi ya sa ba ka tambaya ba."

"Ashe kin fi son aikin a kaina."

"Ina son ka, ina son aikin. Ban taɓa tunanin sai na saci ɗaya in biya ɗaya ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Na gaskiya ne, ba na yaudara ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

"Zan je in gaya wa Babu Ragi komai," ya ce. "Wallahi zan je."

"Ofishinsa a buɗe yake. Na gan shi ina zuwa."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Ya dubi hanyar da ta nufi ofisoshin malamai. Ita ma ta duba. Ta jira shi. Wasu ɗalibai suka wuce suna ihun gama karatu, suna rubuta wa juna suna a riga.

Bai ɗaga ƙafa ba.

"Ki ba ni zuwa gobe in yi tunani," ya ce.

Ta juya ta tafi. Ruwan sanyin yana nan inda ya ajiye shi.

Gobe ta zo ta wuce. Saƙonninsa suka yi ta shigowa, safe da yamma, da kalamai masu daɗi. Babu wanda ya ce ya je ofishin.

Da sakamako ya fito, Wakili ne na ɗaya. Auta ta biyo baya. Tazarar ba ta da yawa, amma kujerar ɗaya ce.

Ranar da ta je karɓar takardunta ta yi kiciɓis da Babu Ragi a baranda, da gilashinsa a karan hanci.

"Ke. Zo nan."

Ta russuna ta gaishe shi.

"Me ya same ki a tambaya ta ɗaya? Har ƙarƙashin tebur na duba, na zaci shafinki ne ya faɗi."

"Ban karanta babin ba, Farfesa."

"Ke?"

"Ni."

"Me ya sa?"

Maganar ta zo mata har baki. Amma me za ta ce? Bai shiga da takarda ba, bai leƙa ta kowa ba. Babu dokar jami'a da ta ce dole saurayi ya faɗa wa budurwarsa gaskiya.

"Wani na bar wa ya karanta mini," ta ce.

Ya daɗe yana kallon ta ta saman gilashi. Tsohon malami ne, ya san su waye ke zama a matattakala.

"Abin da ke kan takarda nake dubawa," ya ce.

"Na sani, Farfesa."

"Ki koma ki karanta shi. Wata rana uwa za ta miƙo miki jariri ta tagar ɗakin magani, ba za ta tambaye ki matsayinki a aji ba."

Ya wuce.

Ta koma gida. Ta karanta babin ita kaɗai a tsakar gida, daga farko har ƙarshe. Ba shi da wuya. Wannan ne ya sa ta kuka, karo na farko.

Bayan an ba Wakili takardar kama aiki, kawunsa ya aiko cewa zai zo ya ga Baba. Mama ta tashi gidan da shara tun safe. Ta sa aka wanke labule, ta fito da kofunan da ba a taɓawa.

"Auta, tashi ki gyara fuskarki. Addu'arki ta ci. Malamin jami'a guda!"

"Mama, ba na so."

"Ba kya son me? Kayan? To sa shuɗin."

"Auren."

Mama ta ajiye tsintsiya.

"Ke da kika rame kamar tsinke a kansa? Ke da kika sa na yi ta durƙusa wa Babanki har gwiwata ta yi kanta?"

Auta ta gaya mata komai. Mama ta saurara, tana riƙe da haɓa. Da ta gama, sai Mama ta ja numfashi.

"To shi ke nan abin? Na zaci wata ya yi wa ciki."

"Mama..."

"Bai kyauta ba, ban ce ya kyauta ba. Amma don ya same ki ya yi. Wasu ƙarya suke yi don su gudu, wannan ya yi don ya zo. Albashin nan wa zai ci? Ba ke ba?"

"Nawa ne, Mama. Ba sai an sammini ba."

"Ji bakinta. Je ki faɗa wa Babanki da kanki. Ni ba zan iya ba, na gaji da zama 'yar aike tsakaninku."

Shagon Baba yana jikin gidan, ƙofa ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ta same shi ya sa fararen kaya, amma bai iya zama ba, yana goge wata ƙafar kujera. Ƙurar katako ta riga ta hau masa hannun riga.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa. Baƙin sun iso?"

"Suna hanya."

"Yaron ya yi ƙoƙari. Na ce ya samo aiki, ya samo. Ba ni da sauran magana."

"Ni ina da ita, Baba."

Ya ajiye abin gugar. Ya nuna mata benci. Ta zauna, ta faɗa masa, a taƙaice, don ba ya son dogon zance. Bai katse ta ba.

"Ya saci amsa?"

"A'a."

"Makarantar ta san da wannan?"

"Babu abin da za su yi. Bai karya dokarsu ba."

"Ke me ya hana ki buɗe littafin ki duba?"

"Shi ya faɗa mini, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki wani guntun katako ya juya shi a hannu.

"Da hannuna a ciki," ya ce. "Ni na sa sharaɗin."

"Kai aiki ka ce ya samo. Ba ka ce ya ɗauki nawa ba."

A waje mota ta tsaya. Aka ji buɗe ƙofofi, da sallamar wani dattijo, da muryar Wakili yana gaida maƙwabta cikin ladabi. Zuciyarta ta buga kamar yadda take bugawa duk lokacin da ta ji muryar. Ba ta daina ba.

Baba ya ga fuskarta.

"Kina son sa har yanzu."

"Ina son sa."

"To ki yi tunani. Mutum yakan yi kuskure ɗaya ya gyaru. In na fita na sallame su, ba zan sake kiran su ba. Kin san ni."

"Na sani."

"Kuma aikin ba zai dawo miki ba. Kin rasa wancan, ki rasa wannan."

"Na sani, Baba."

"To me kike gudu?"

Hawaye na zuba, muryarta kuwa ba ta rawa.

"Baba, in na aure shi, wata rana ina wurin aiki, in dawo ya ce mini ya ba yaro magani. Sai na je na ɗaga kwalbar na duba. Kullum. Har mu tsufa. Ba zan iya zama da mutum ina duba kwalba ba."

Baba ya ajiye katakon.

Mama ta leƙo ta ƙofar ciki, da mayafinta na fita kunya.

"Malam, mutane na tsaye a waje. Ka yi mata magana mana, ƙuruciya ce ke damun ta."

"Na yi mata."

"To?"

"Ta ba ni amsa."

Ya karkaɗe hannun rigarsa, ya gyara hularsa, ya fita ta ƙofar waje ya ja ta.

Auta ta zauna a kan benci. Ta ji gaisuwa ta yi tsawo. Ta ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa, gajeriya. Ta ji kawun yana cewa a yi haƙuri, a zauna a fahimci juna. Sannan ta ji Wakili.

"Baba, don Allah a bar ni in gan ta. Magana ɗaya kawai. Auta... Auta, na san kina ji na."

Ƙofar katako ce kawai tsakaninsu, kuma ba a kulle take ba. Ta miƙe. Ta kai hannu har ta taɓa mariƙin. Ta tsaya a haka, goshinta a jikin katakon, yana kiran sunanta ta ɗaya gefen.

Ba ta murɗa ba.

Can aka rufe ƙofofin mota. Injin ya tashi, ƙararsa ta yi nisa.

Baba ya zagayo ta cikin gida, saboda ya hango inuwar ƙafarta a ƙasan ƙofar. Ya same ta durƙushe cikin ƙurar katako tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Bai rarrashe ta ba, bai iya ba. Ya tsaya a kanta har kukan ya lafa.

"Tashi ki wanke fuska," ya ce. "Mamarki ba za ta yi miki magana yau ba. Gobe za ta yi."

Ya cire hular ya rataye, ya naɗe hannun riga, ya koma kan kujerar da yake gogewa.